Tafiya Ta Ƙare, Saura Zaman Gida

Duk wanda zai yi tafiya mai nisa ya kan yi shiri. Ya nemi fasfo, ya tanadi guzuri, ya ɗinka riga, ya zaga dangi ya yi sallama, ya roƙi gafarar waɗanda ya saɓa wa. Amma ban taɓa ganin wanda ya zauna ya yi shirin komowa ba. Kowa ya ɗauka komowa ba ta bukatar shiri, tun da gida gidansa ne, ya san ƙofa, ya san inda randa ta ke. Ni ma haka na ɗauka, sai da abin ya faɗo kaina, sa'an nan na ga ashe akwai magana a ciki. Shi ya sa na ke so mu duba wata tambaya tare, ni da kai mai karatu. Mutumin da ya tafi hutu ƙasar waje, ya ga abin da ya gani, ya komo ya tarar gida ya yi masa ƙunci, har ya riƙa jin haushin abin da jiya bai dame shi ba, shin laifi ya yi, ko kuwa idonsa ne ya buɗe?

Kada ka ce wannan magana ta masu hawan jirgin sama ce, ba ruwanka da ita. Wanda ya je cin rani Legas ya komo ƙauyensu ya san ciwon nan. Haka alhajin da ya sauka daga Makka, haka yaron da ya komo daga makarantar kwana ya ga ɗakin uwarsa ya ƙanƙance. Nisan tafiya ne kaɗai ya bambanta.

Bari in fara da kaina, don kada a ce na ga laifin wani na bar nawa. A cikin watan Oktoba na 2022 na sami hutu daga wurin aiki, na haɗa 'yan kuɗin da na daɗe ina tarawa, na tafi Santambul, birni mafi girma a ƙasar Turkiyya, wanda a ke rubuta sunansa Istanbul a taswira. Kakanninmu sun san sunan nan tun da daɗewa, don can ne sarakunan Turkawa su ke zaune a zamanin da. Ba ciniki ya kai ni ba, ba neman magani ba, ba karatu ba. Kallo kurum na je, na yi kwana 12.

Lalle kuwa na sha kallo. Birnin yana da mutane fiye da miliyan 15, wani mashigin teku da a ke kira Bosforus ya raba shi biyu, ɓangare guda a nahiyar Turai, guda a Asiya. Jiragen ruwa ke kai mutane suna kawowa tsakanin gaɓa da gaɓa, kamar yadda motocin haya ke yi a nan. In an rubuta jirgi zai tashi ƙarfe tara da kwata, to, tara da kwata za ka ga an rufe ƙofa, ko waziri ne ya ke tafe a guje. Tun 2013 ma akwai jirgin ƙasa da ke bi ta ƙarƙashin tekun. Na yi salla a Ayasofiya, ginin da aka gama a shekarar 537 a matsayin coci, aka mai da shi masallaci a 1453 sa'ad da Sarki Muhammadu Fatihu ya ci birnin, aka mai da shi gidan tarihi a 1934, kana aka sake mai da shi masallaci a 2020. Na ga kyanwoyi suna barci a bakin kantuna, ba mai korarsu, har a kan ajiye musu ruwa da abinci. A masaukina kuwa wuta ba ta ko ƙifta ba, famfo bai taɓa yi mini gardama ba.

Ran komowa jirgi ya sauke mu a Abuja bayan tafiyar wajen awa bakwai. Tun daga nan gida ya fara yi mini maraba irin tasa. A kwanakin nan ambaliya ta cinye hanyar Lokoja, tankokin mai sun kasa wucewa, motoci sun yi dogon layi a gidajen mai. Jirgin ƙasa na Kaduna kuwa yana ajiye tun harin da aka kai masa ran 28 ga Maris na shekarar, bai koma aiki ba sai a Disamba. Saboda haka na kwana gidan wani ɗan'uwa, gari ya waye na nemi mota muka kama hanyar Zariya, kowa ya yi tsit yana addu'a a zuci. Na iso gida da magariba, na tarar an ɗauke wuta. Yara suka rungume ni, uwargida ta kawo ruwa da tuwo. Ta bari sai da na ci na wanke hannu, sa'an nan ta ce, "Malam, ban so in tare ka da magana ba, amma masara ta ƙare, ɗakin yara yana yoyo, kuma an aiko daga makaranta sau biyu."

Daga daren nan bakina ya kamu da wata cuta, sunanta "a can". In an ɗauke wuta, in ce a can ba a ɗaukewa. In ɗan acaɓa ya yanke mini hanya, in ce a can da an kama shi. In na ga leda a kwata, in yi tsaki in ce a can ko ƙwayar gyaɗa ba a yar wa a titi. Masu zuwa yi mini barka da sauka su kan zauna su saurara, wasu da sha'awa, wasu don kunya. Unguwar da aka haife ni, wadda na bari mako biyu da suka wuce ba tare da na ga aibinta ba, sai na ga kamar an musanya mini ita da wata.

Akwai kuma abin da na fi jin kunyar faɗa. Ina can wani dattijo maƙwabcinmu, tela, ya rasu. Saƙo ya same ni a waya ina tsakiyar teku cikin jirgin ruwa. Na rubuta "Allah ya jiƙansa", na mai da waya aljihu, na ci gaba da kallon tsuntsaye suna bin jirgi. Dattijon nan kuwa shi ya yi wa mahaifina wanka ran da ya rasu. Da na komo na ce gobe na je gaisuwa, yau da gajiya. Goben ta zo, baƙi suka cika zaure, na ce jibi.

Ran kwana na uku da dare na shiga ɗakin Inna na kai mata tsarabarta, darduma da turare da wasu ƙananan kofunan shayi na gilashi masu siririn ƙugu. Na zauna na kwashe mata labarin jiragen ruwa tun daga farko. Inna ba ta kiran sunana, don ni ne ɗanta na fari. Ta saurara har na gama, ta ce, "To, madalla. Su mutanen can ɗin, wa ka yi wa ta'aziyya a cikinsu?"

Na ce, "Inna, ai ban san kowa ba."

Ta ce, "Wa ya zo maka rance?"

Na ce, "Babu."

Ta ce, "Ɗan wa ka kai asibiti da tsakar dare?"

Na yi shiru. Ta ce, "Ashe dole gari ya yi daɗi. Tashi ka je gidan tela, ana tambayarka."

Na tashi na tafi a daren nan. Babban ɗan marigayi ya karɓe ni da mutunci, muka yi addu'a. Da zan fita ya rako ni bakin zaure ya ce, "Mun gode, Malam. Ai mun ji ka sauka tun ran Talata." Bai ƙara ko kalma ba, ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Tambayoyin nan uku na Inna su suka warware mini rabin matsalar. Na daɗe ina auna gari biyu, ashe mudun da na ke awo da shi ba ɗaya ba ne. Santambul na gan ta ina baƙo, Zariya kuwa ina ganinta ina maigida. Baƙo ba ya biyan haraji, ba ya gyaran rufi, ba a kawo masa ƙara, ba a tashinsa da dare. Ya kan farka sa'ad da ya ga dama, wani ya gyara masa gado, wani ya dafa masa abinci, aikinsa duka shi ne ya zaɓi inda zai je kallo. Abin da na kashe a kwana 12 ɗin nan ya fi abin da gidana ke ci a wata shida. Wane gari ne ba zai yi daɗi ba in ana zaune a cikinsa haka? Da zan sami wanda zai ɗauke mini aiki da cefane da hakkin dangi, ya cika mini aljihu, ya ce in yi ta yawo a Zariya mako biyu ina kallon ganuwa da ƙofofi da masallacin Juma'a na Babban Gwani, da na ce ba a yi gari kamarta ba. Watau rabin daɗin da na ji ba na Santambul ba ne, daɗin sauke kaya ne. Kaya kuwa ba a ƙasar waje na bar su ba, suna nan a zaure suna jirana. Hutu rigar aro ce, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Juya abin ka gani. Bature ya zo garinmu ran hawan Salla, ya ga dawaki da kayan ado, ya ji algaita da tambari, ya ga kowa da sabuwar riga ana ta raba abinci. Washegari ya hau jirgi ya koma, ya gaya wa mutanensa ya ga wata ƙasa inda kowa ke kan doki yana murna. Ƙarya ya yi? A'a, abin da ya gani ya faɗa. Sai dai ya gan mu ran Salla, bai gan mu ran da masara ta ƙare ba. Mai yawon hutu duk inda ya je ran Salla ya ke zuwa, don Sallar tana cikin aljihunsa.

Abin mamaki, an gaya mini haka tun ina can, na ji na manta. A wata unguwa da a ke kira Aksaray, inda 'yan kasuwar Afirka ke sayen kaya a ɗaure musu a aika gida, na gamu da wani saurayi Bahaushe, mutumin Damagaram, yana aikin ɗaurin kaya a wani shago. Da ya ji Hausa a bakina sai ya saki igiya ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Na ce masa lalle ya yi sa'a da ya ke zaune a irin wannan gari. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, kai kallo ka zo. Mu shida mu ke kwana a ɗaki guda a ƙarƙashin bene. Shekarata huɗu a nan, ban taɓa hawa jirgin ruwan nan don shan iska ba, rabona da ganin tsohuwata tun ran da na fito." Ya roƙe ni in akwai sauran yaji ko kuka a jakata in bar masa. A watan nan da na ke yawo ina yaba arahar shayi, hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce farashin kaya ya tashi da kashi 85 cikin ɗari a shekara guda. Mai kawo mini shayin ya san haka a cikin tukunyar gidansa, ni ban sani ba. A lokacin kuma akwai 'yan gudun hijirar Siriya fiye da miliyan uku a ƙasar, na wuce wasunsu a titi ban ko lura ba. Wata huɗu bayan komowata, ran 6 ga Fabrairu na 2023, girgizar ƙasa ta auka wa kudu maso gabashin Turkiyya, mutane fiye da 50,000 suka mutu a ƙasar. Da yawa daga benayen da suka rushe, bincike ya nuna ba a bi ƙa'idar gini ba wajen yinsu. Da na je garuruwan nan kafin girgizar, da na yaba benayen, don baƙo fenti ya ke gani, ba ya ganin ƙarfen da ke cikin bango. Gaskiyar masu iya magana da suka ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

To, in haka ne, sai mu ce duk abin da matafiyi ya gani banza ne, ya rufe bakinsa ya koma yadda ya ke? Nan ne na rabu da wasu abokaina. Akwai masu cewa, da zarar ka buɗe baki, "Ai babu kamar gida, kowa ya bar gida gida ya bar shi." Karin maganar gaskiya ce, amma sau da yawa a kan jawo ta don a toshe bakin mai faɗar gaskiya. Jirgin ruwan nan da ke tashi tara da kwata ba don baƙi ya ke yi ba. Lebura da ɗan makaranta da tsohuwa mai zuwa asibiti duk sun dogara gare shi, sun san in sun fito ƙarfe kaza za su isa ƙarfe kaza. Ruwan famfo yana zuwa gidan talaka kamar yadda ya ke zuwa masaukin baƙi. Wannan ba ruɗin hutu ba ne. Wanda ya ga haka da idonsa, ya komo ya ga matarsa tana jiran mai kurar ruwa tun asuba, bai ji komai a ransa ba, ni ban kira shi mai haƙuri ba, na kira shi wanda ya yi asarar kuɗin jirgi. Zafin da matafiyi ke ji in ya komo yana da amfani, kamar zafin da ƙafa ke yi in ƙaya ta shiga. Maganar ita ce, me zai yi da zafin?

Abin da ya fi taimakona a nan shi ne da na koma na karanta tarihin birnin na kusa, ba na sarakunan da ba. Ashe tsabtar da na gani ba da ita aka halicci Santambul ba. A farkon shekarun 1990 birnin ya yi fama da ƙarancin ruwa, famfo ya kan yi kwanaki a bushe, mutane suna bin tankokin ruwa da jarka kamar yadda mu ke yi. Wani reshen teku da ya shiga cikin gari, wanda Turkawa ke kira Halic, inda na zauna ina shan iska, a da wari ba ya barin mutum ya tsaya a bakinsa, saboda dattin masana'antu da na gidaje. Sai da aka fara tashin masana'antun a shekarun 1980, aka yashe laka a shekarun 1990, kafin ruwan ya komo hayyacinsa. Ran 28 ga Afrilu na 1993 kuwa wani tsibin shara a unguwar Umraniye ya fashe saboda iskar gas da ta taru a cikinsa, ya binne gidajen talakawa, mutum 39 suka hallaka. Duk wanda ya kai shekara hamsin a birnin nan ya tuna da waɗannan abubuwa. Ni na je na tarar an share gida an yi shimfiɗa, ban ga shekarun da aka yi ana sharar ba. Matafiyi girbi ya ke gani, ba ya ganin huɗa da noma. Shi ya sa in ya komo ya kan ɗauka mutanen can wata halitta ce dabam, alhali kuwa jiya-jiya su ma suna cikin abin da mu ke ciki.

Da na san haka sai tambayata ta sāke. Da ina cewa, me ya sa mu ke haka? Tambayar nan ba ta da amsa sai tsaki. Yanzu na koma cewa, yaya suka yi suka fita? Wannan kuwa tana da amsa, ana iya bincikenta, ana iya koyonta.

Ga wata alama da mutum zai gane ko zafin da ya komo da shi na gyara ne ko na raini. Ya saurari bakinsa. In ya ji yana cewa "mutanen nan ba za su gyaru ba", "ƙasar nan sai a hankali", "su ba su san lokaci ba", to, ya fitar da kansa daga cikin jama'a, ya hau tudu yana nuna su da yatsa. Kwana 12 kacal na yi a waje, amma na komo ina cewa "su", sai ka ce ba ni ne na shekara arba'in ina jefa ledar ruwa ta tagar mota ba. Raini daɗi gare shi, don ba ya bukatar aiki, kuma ya kan sa mai shi ya ji ya fi kowa. Mai son gyara kuwa "mu" ya ke cewa, kuma da ya faɗi "mu" ya ɗaura wa kansa aiki, don yana cikin waɗanda za su yi.

Na gwada, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce na ci nasara ba. Na duba abubuwan da suka burge ni, na ga waɗansu sun fi ƙarfina. Ba ni da ikon haƙa hanyar jirgi a ƙarƙashin ƙasa, ba ni da ikon kawo wuta. Waɗannan na hukuma ne, abin da ke hannuna shi ne ƙuri'ata da bakina a inda ya dace. Amma waɗansu ba sa cin ko kwabo. Na ce daga yau in an ce ƙarfe huɗu, ƙarfe huɗu zan zo. Taron farko da na je a kan lokaci, na zauna ni kaɗai da mai shimfiɗa tabarma har minti hamsin, yana ta tambayata ko lafiya. Na kuma je wurin mai unguwa, ban ce masa "a can" ba ko sau ɗaya, na ce, "Ranka ya daɗe, kwatar layinmu ta toshe, sauro ya dami yara, ko za a yi gayya?" Ya ce ai a zamanin mahaifinsa haka a ke yi duk farkon damina, ba wanda ya je Turai ya koyo. Asabar ta farko mu goma sha ɗaya muka fito da shebur da kwando. Ta biyu mu biyar. Ta uku ni da ɗan tela da wani almajiri. Kwatar ta sake toshewa da damina ta zo, muka sake yashewa. Ba Halic ba ce, amma ruwa ya daina shiga zauren gidan marigayi.

Saura magana guda, wadda na ga ta fi sauran nauyi, ita ce hakkin waɗanda aka bari a gida. Ba wanda ke tafiya hutu sai wani ya zauna a madadinsa. Ina kallon teku, uwargida tana tara kwano a ƙarƙashin yoyo. Abokin aikina yana yin aikinsa da nawa. Ƙanena shi ya tsaya a jana'izar tela ya ce yana wakiltata. Da guminsu aka biya rabin hutuna, ko da ya ke ba su ga ko hoton jirgin ba sai a wayata. Irin waɗannan mutane, in ka komo ka zauna kana gaya musu gidan da suka tsare maka ba shi da kyau, ka yi musu sakayya ke nan? Al'adarmu ta tsaraba ma, in ka duba, ba kyauta ce kurum ba, amsa bashi ce, kamar mutum ya ce na san kun riƙe mini wurina. Sai dai turare da darduma ba su isa ba. Tsarabar da ta fi wuya ita ce matafiyi ya riƙe labarinsa tukuna, ya fara tambaya: me ya faru bayana, wa ya haihu, wa ya kwanta, wa ya rasu? Don gida ba ya tsayawa cik ya jira mutum. Ibn Batuta, matafiyin nan na Maroko, ya bar garinsu Tanja a 1325 yana ɗan shekara 21, bai komo ƙasarsu ba sai a 1349, ya tarar uba ya daɗe da rasuwa, uwa kuma annoba ta ɗauke ta 'yan watanni kafin isowarsa. Za ka ce ina shekara 24 ina kwana 12? Gaskiya ne. Amma kwana 12 ma sun isa a binne mutumin da ya wanke mahaifinka.

Ban ce kada a ba da labari ba, gani ya kori ji, wanda bai je ba yana da hakkin ya ji daga wanda ya je. Amma a ba da shi cikakke. Yanzu in yara suka ce in ba su labarin Santambul, na kan gaya musu na jirgin ruwa, in haɗa musu da na saurayin Damagaram da ɗakinsu na mutum shida, da na tsibin sharar da ya fashe, da yadda aka yashe Halic. Na lura ƙaramin cikinsu ya fi son na sharar, kullum sai ya tambaye ni wa ya fara ɗaukar shebur.

Cutar "a can" ba ta sake ni rana ɗaya ba. Ta yi kamar mako uku tana raguwa, kamar yadda zazzaɓi ke sauka. Barcina ya koma daidai da kiran sallar masallacinmu, don agogon can yana gaba da namu da awa biyu, na yi kwanaki ina farkawa tun dare bai raba ba. Na biya kuɗin makaranta da rance, na kira kafinta ya canja kwano biyu a ɗakin yara. Akwatin tafiya ya koma saman kabad, uwargida ta zuba kayan sanyin yara a ciki. Kofunan shayi shida da na kawo wa Inna kuwa, jikoki sun fasa huɗu. Na shiga gaishe ta ran Juma'ar da ta wuce na tarar ɗaya tana awon gishiri da shi, ɗayan ta ajiye allura da zare a ciki.